Shekarar da Na Auna Gawayina

Lissafi nake koyarwa a firamare tun ina budurwa, amma sai da na haura shekara arba'in kafin na zauna na lissafa abin da murhuna yake ci.

A Kafanchan muke zaune, a wani gida mai ɗaki uku kusa da layin dogo, ni da maigidana da yaranmu uku. Da can da gas nake girki. Da ya fi ƙarfinmu sai na jingine tukunyar gas ɗin a bayan ƙofa, na sayo kurfoti, murhun ƙarfen nan na gawayi, kamar yadda kusan kowace mace a layinmu ta yi. Ban ga abin tunani a ciki ba. In gawayi ya ƙare in kira mai gawayi na bakin kasuwa, ya ɗaure buhu a bayan babur ya kawo min har ƙofa. Da wani ya tambaye ni a lokacin buhu nawa nake ƙonawa, da na ce ɗaya a wata, kuma da zuciya ɗaya zan faɗa.

Asalinmu wani ƙauye ne a wajen Fadan Kagoma. Babanmu ya daɗe da rasuwa, amma Mama tana nan da ƙarfinta, tana noman citta da acca da 'yar doya. Wata shekara na je gida hutun Ista, na tarar ta gama dasa citta tana fama da neman ganyen da za ta rufe gonar. Citta ba ta son rana ta doke ta tana sabuwar shuka, dole a lulluɓe ta. Muna yara a bakin rafin da ke bayan gona muke saro ganyen, ko nisa ba ma yi. Ran Litinin na ce zan raka ta, sai ta ce in sa takalmi mai ƙwari, don yanzu abin ya zama tafiya.

Ban gane maganarta ba sai da muka gangara rafi. Wurin da na sani da duhun itatuwa, inda ko da tsakar rana sanyi kake ji, ya koma fili. Kututture nan, kututture can, ga baƙin tabo a ƙasa duk inda aka taɓa yin wuta. Can gaba akwai wani tarin ƙasa kamar ƙatuwar kunyar doya, hayaƙi na tsiyaya ta gefensa a hankali. Wani mutum na tsaye da shebur yana toshe inda hayaƙin ya yi yawa. Da ya juyo sai na ga Baba ƙarami ne, ƙanen babanmu.

Manomi ne na gaske, kuma shi ya riƙe hannuna ya kai ni makaranta ranar farko. Shekarar da ciwo ya shiga citta ta ruɓe a ƙasa, ya rasa amfanin gona ya rasa iri, daga nan ya shiga gawayi. Mama ta gaya min wannan a waya tun a lokacin, amma gani ya kori ji.

Na durƙusa na gaishe shi da yarenmu. Gaisuwar ba ta ko huce ba na fara. Na ce itatuwan nan su ke riƙe ƙasa, su ke riƙe ruwan rafi. Na ce jikokinsa za su tashi ba su san kirya ba sai a baki. Duk abin da nake gaya wa 'yan aji biyar na juye masa, da irin muryar da nake gaya musu. Mama tana zungurina da gwiwar hannu, ban kula ba. Shi kuwa ya dogara da shebur yana saurare har na kai aya.

"Malama," ya ce, don haka yake kirana in zai tsokane ni, "da me kike dafa abinci a Kafanchan?"

Na ce da gawayi.

"To. Motar da ke kwasar wannan, Kafanchan take kaiwa. Ni in sara, ke ki ƙona. Ni dai na san itace nawa na kayar bana, kafaɗata ta gaya min. Ke kin san nawa kika ƙona?"

Ba da faɗa ya yi maganar ba, har murmushi yake, kuma da zagina ya yi da abin ya fi min sauƙi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Don kar in tsaya baki buɗe, na tambaye shi buhu nawa itace ɗaya ke bayarwa. Ya nuna min wani kututturen kirya wanda in na rungume shi hannuwana ba za su haɗu ba, ya ce irin wannan in wuta ta yi kyau buhu uku ne ko huɗu, ƙanana kuwa sai an haɗa da yawa kafin buhu ya cika. Muka wuce. Mun yi tafiya mai nisa kafin muka sami ganye. Sai a hanyar dawowa, da damin ganye a kanta, Mama ta ce min ba a yi wa babba karatu a bakin aikinsa.

A motar komawa Kafanchan na yi ta lissafi a kaina. Buhu goma sha biyu a shekara, itace uku ko huɗu ke nan, na ce ai ba wani yawa. Amma na san inda sha biyun ya fito, daga bakina ne kawai. Ni ce kuwa malamar da ba ta karɓar amsa sai ɗalibi ya nuna yadda ya samo ta.

Na samo tsohuwar robar fenti, irin wadda ake awon gari da ita a kasuwa, na wanke ta. Na ɗebo alli daga jakar makaranta. Na sa aka kawo sabon buhu, na ɗaure bakinsa da igiya, na kafa doka a gidan: ba mai zura hannu a buhu, duk mai son gawayi ya cika roba ya ja layi ɗaya a bangon kicin. Maigidana ya leƙo ya dubi bangon, ya ce to, makaranta ta biyo mu gida.

Na ƙudura cewa watan farko ba zan canja komai ba, zan yi girki yadda na saba in ga gaskiyar abin. Wannan ya ba ni wuya fiye da yadda na zata. Da zarar mutum ya san ana ƙirgawa, hannunsa ya fara noƙewa. Sau da yawa na kama kaina ina zuba rabin roba don kar bango ya cika, sai in tambayi kaina wa nake ruɗa, in koma in cika ta.

Buhun farko kwana goma sha uku ya yi. Na ce ƙila mai gawayi ya cika min ƙasan buhun da gari. Na biyu ya yi kwana goma sha huɗu. Na kife turmi na zauna a kai, na yi lissafin a bango: buhu ashirin da bakwai a shekara, ko kusa da haka. Itace bakwai ko takwas, manya, irin wanda Baba ƙarami ya nuna min. Kuma shekara uku ke nan ina girki da gawayi. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Nawa idon bai sani ba, fiye da rabi ya ɓoye min.

Daga nan na fara rubuta abin da aka yi da kowace roba a gefen layinta. Cikin mako biyu ɓarayin suka fito fili, su huɗu ne. Akwai wake, wanda muke ci sau uku a mako, kuma duk ranar wake sai an ja layi uku. Akwai ruwan wanka na mutum biyar kowace safiya. Akwai garwashin da nake bari a kurfoti bayan na sauke tukunya, ya ci kansa har ya zama toka ba ya dafa wa kowa komai. Sai dutsen gugar maigidana.

Na garwashi ya fi sauƙi. Ina da wata tsohuwar tukunya da hannunta ya cire, murfinta kuwa yana kamawa ƙam. Da na gama girki sai in juye garwashin a ciki in rufe, ya mutu don rashin iska. Washegari shi ke fara kamawa, ya fi sabo saurin ruruwa. Wake kuma na koma jiƙa shi tun jiya. Na bi gida na tattaro murafan tukwanena, don na tarar ɗaya ya zama kwanon ruwan kaji, ɗaya ana rufe bokiti da shi. Shekara da shekaru ina dafa gwate a buɗe, tururi na tafiya da rabin wutar.

Maƙwabciyata Hajiya ce ta gyara min maganar murhu. Katanga ɗaya ta raba mu. Dangin mijinta 'yan kasuwa ne da suka zauna a garin tun kakanni, ita kuma waina take toyawa ta sayarwa kowace safiya, saboda haka ta san wuta fiye da ni. Wata rana ta shigo aron rariya ta ga bangon kicin, na ba ta labari. Ta tsuguna ta kai hannu kusa da gefen kurfotin, ta janye da sauri. Ta ce in ji da kaina, duk zafin nan da ke fita ta gefe iska nake dafawa, ƙarfe ba ya riƙe wuta. Nata murhun na yumɓu ne, wata mai ginin tukwane daga wajen Kwoi ke kawowa kasuwa. Tare muka je. Na auna gindin tukunyata da tsinken tsintsiya na ba matar, bayan mako biyu ta kawo min murhun a naɗe da ciyawa. Ja ne, ga nauyi, ba shi da kyan gani ko kaɗan, yarana har dariya suka yi masa. Amma rabin roba ya dafa abin da roba guda ke dafawa a kurfoti, kuma ko wuta ta mutu yakan riƙe miya da ɗumi har a dawo daga makaranta.

Wannan ɗumin ne ya tuna min da wani abu na Mama. Ranar gayya, in lokaci ya ƙure mata, takan sauke tukunyar doya ba ta gama nuna ba, ta naɗe ta da tsohon bargo ta sa a kwando ta ɗauka zuwa gona, kafin a isa doyar ta yi laushi. Na ce bari in gwada da wake. Na sayo babban kwando, na shimfiɗa tsohon bargo da tsofaffin zannuwa a ciki, na ɗinka 'yan matasai biyu na cusa musu ƙaiƙayin acca da na sa Mama ta aiko min. Wata safiyar Talata na tafasa wake sosai, na sauke yana ɓararraka, na dasa tukunyar a kwando na danne da matashi, na tafi makaranta. Ranar ina koyarwa amma hankalina ba ya aji. Da aka tashi ko gaisawa da malamai ban tsaya yi ba. Na buɗe kwando, murfin tukunya ya ƙona min yatsa, waken kuwa ya nuna luguf, ba wuta ba hayaƙi. Na tsaya ni kaɗai a kicin ina dariya kamar wadda ta yi tsintuwa.

Daga nan kai ya kumbura. Da zagayen zumuntar mata na cocinmu ya zo gidana, na ce yau za su ga abin mamaki. Na sa shinkafa da wake a kwando tun hantsi. To amma duk wadda ta riga isowa sai in ja ta kicin in ɗaga matashi in buɗe murfi in nuna mata. Sau huɗu na yi haka, kowane buɗi zafi na fita. Da aka gama addu'a da waƙoƙi na zuba abinci, mata goma sha ɗaya suka fara taunawa shiru, kana jin ƙarar wake a haƙora. Sai wata dattijuwa da muke kira Mama shugaba ta ajiye cokali a hankali.

"'Yata," ta ce, "waken nan da sauran ransa."

Ɗakin ya ɓarke da dariya. Na kwashe kwanuka na mayar da abincin tukunya, na hura wuta a gaban kowa, na ja layi a bango suna kallo. Har yau in na shiga coci akwai masu tambayata ko waken ya cika. Amma a cikin matan nan su uku suka dawo daga baya, ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta ce kar in gaya wa sauran, in nuna mata yadda ake ɗinka matashin. Darasin da na fara ba su shi ne kar a buɗe.

Maganar guga ita ta fi ɗaukar lokaci, don ba hannuna ba ne. Maigidana ma'aikacin ofis ne, kuma yana cikin masu tarbar mutane a ƙofar coci. Mutum ne da zai yarda ya fita bai karya ba, amma ba zai fita da riga a yamutse ba. Wutar lantarki ba abin dogaro ba ce a layinmu, don haka kowace safiya yakan cika dutsen guga da gawayi ya hura, ya goge riga ɗaya da wando ɗaya, ya zubar da sauran a bayan gida. Da na yi masa magana ya ce in ƙirga na tukunya in bar masa rigarsa. Na ƙyale shi. Na dai raba bangon gida biyu, na rubuta "Girki" a sama ɗaya, na rubuta "Baban yara" a ɗayan.

Da fari bai kula ba, yana jan layinsa yana fito. Amma nawa ɓangaren kullum raguwa yake, nasa yana nan yadda yake, har aka kai makon da layukansa suka kusa kamo na girkin mutum biyar. Wani abokinsa da suke aiki tare ya zo, ya leƙa kicin neman ruwan wanke hannu, ya ga bango ya tambayi ma'anarsa. Ni dai na faɗi gaskiya. Abokin ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ashe itace guda ake sarewa don kwalar riga. Maigidana bai yi dariya ba. Kwana biyu yana amsa min magana a taƙaice, ni ma na ga kamar na wuce gona da iri, har na ɗauko tsumma zan goge sunansa. Ya ce in bari.

Ran Asabar da na sauke kunu sai ya shigo da dutsen guga, ya kwashe garwashin da ya rage a murhu, ya fito da rigunan mako gaba ɗaya, har da kayan makarantar yara, ya goge su tas ya rataye. Bai taɓa buhu ba. Da ya gama ya tsaya gaban bango ya ce, "Maman yara, yau me zan rubuta?" Na ce ba abin rubutawa. Ya ɗauki alli ya zana sifili, ƙato, ya fita.

Tun daga ranar ya fi ni zafi a kan abin. Shi ya samo baƙaƙen jarkoki biyu ya riƙa cika su da ruwa yana ajiyewa a rana a kan dakalin bayan gida, ya mayar da wankan yara da yamma, lokacin da ruwan ya yi ɗumi da kansa. Wannan ya yi aiki har sanyi ya shigo. Wanda ya san sanyin Kafanchan na wajen Kirsimeti ya san ba a wasa da shi. Wata biyu muka koma dafa ruwa, muka ja layukan da hannunmu ba tare da jin kunya ba. Kirsimetin kanta buhu guda ta cinye cikin kwana tara, da baƙi da suyar nama da cincin. Na rubuta shi yadda yake.

Da shekara ta zagayo muka tsaya mu biyu muka haɗa. Bango ya riga ya cika an goge sau da yawa, amma ƙarshen kowane wata ina kwafe jimla a bayan wani tsohon littafin darasi. Buhu goma sha biyu muka ƙona, da 'yan robobi. Na sake haɗawa daga ƙasa zuwa sama, kamar yadda nake sa yara su yi, amsar ba ta canja ba. Buhu goma sha biyar ba mu taɓa ba. Itace huɗu ke nan ko biyar suna tsaye a wani daji da ban sani ba. Na san wani zai iya sare su gobe, amma dai ba don tukunyata ba. Mun ci wake sau uku a mako kamar da, ba wanda ya kwana da yunwa, ba wanda ya fita da riga a yamutse. Mai gawayi har tare ni ya yi a kasuwa yana tambaya ko ya yi min laifi ne na koma wurin wani.

Na kai wa Baba ƙarami amsarsa da littafin a hannu. Wannan karon sai da na gama gaisuwa, na tambayi gida da gona, na sha ruwa, sannan na ce na zo da amsar tambayar bara. Na gaya masa nawa nake ƙonawa da, nawa nake ƙonawa yanzu. Ya karɓi littafin ya jujjuya, ko da yake ba gilashinsa a kusa. Ya ce to, ga 'yarsa ta rage masa ciniki ta kuma zo ya yi mata barka. Muka yi dariya, amma na ji nauyin maganar, don gaskiya ce. Bai bar gawayi ba, har yau yana yi in gona ta ƙi. Sai dai ya kai ni ya nuna min kututturan da ya bari da tsawon gwiwa bai ƙona su ba, duk sun yi toho, ya ce ɗorawa da kaɗanya kuwa ko an ba shi kyauta ba ya sa musu gatari. Wannan karon ban yi masa karatu ba, na koyi darasi. Ya yanka min wani siririn wuri a gefen gonar babanmu, da damina ta zauna na dasa itace ashirin, mangwaro da kashu da malaina. Awaki sun ci wasu, wutar daji ta lashe wasu. Tara suka tsira, biyu sun fi ni tsawo yanzu.

Hajiya ma ta yi nata kwandon, ta fi ni iya ɗinki, nata har da marufi mai kyau. Da azumi takan gama girki tun la'asar ta sa a ciki, ta huta, a sha ruwa abinci da zafinsa. Ranar farko ta miƙo min kwanon dambu ta kan katanga, ta ce in taɓa in ji. Ta ce ita ba don daji ta yi ba, don bayanta ta yi, da idonta da hayaƙi ya dama. Na ce duk ɗaya ne, dajin bai tambayi dalili ba.

Bana na koma kan leda. Na rataye buhu a bayan ƙofa, duk ledar da ta shigo gidan nan a jefa a ciki, ran Asabar in zazzage in ƙirga. Makon farko saba'in da huɗu na samu, har da na ruwan sha. Wannan ya fi gawayi taurin kai, don ba kai kake nema ba, cusa maka ake yi. Ka sayi albasa uku a sa maka a leda, a sake sa ledar a wata. Yanzu da kwando nake zuwa kasuwa, da kwano mai murfi na niƙa, da kwalbar manja. Masu kaya sun fara ganewa, wasu na tsokanata, wasu na murna don ledar ma saye suke yi. Mai nama ne kaɗai muke ta fama da shi, hannunsa ya saba, kafin in buɗe baki ya ƙulle. Shekaranjiya dai da ya hango ni tun daga layin masu tumatir, ya ajiye ledar da ya ɗauko, ya miƙo hannu ya ce, "Malama, kawo kwanon." Asabar ɗin da ta wuce leda goma sha tara na ƙirga.